Me Ya Sa Gam Ɗin Sufa Gulu Ke Ɓata Wa Masu Sassaƙa Alƙalami Aiki?

A Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya akwai wata sana'ar hannu da mutane da yawa ke yi a garejin gida bayan an tashi daga aiki, wato sassaƙa alƙalami da katako. Mutum zai sayi kayan ƙarfen biro a fakiti: baki, da maƙali, da 'yan bututun tagulla. Samfurin da akasari ake fara koyo da shi, Slimline, bututunsa na milimita 7 ne. Sai ya yanko guntun katako, ya huda tsakiyarsa, ya manna bututun a ciki, ya ɗora a kan inji mai juya katako, ya riƙa feƙe shi da ƙarfe mai kaifi har ya fito da siffar alƙalami. Wannan ɓangaren bai cika ba mutane wuya ba. Inda ake shan wahala shi ne wajen sa wa katakon sheƙi.

Alƙalami kullum yana hannu, yana shan gumi da maiƙon jiki, ana jefa shi aljihu tare da makulli. Kakin zuma da man goge katako ba sa jure wannan, nan da nan suke dushewa. Shi ya sa masu sana'ar suka koma ga sufa gulu, gam ɗin nan da muke saye a ɗan bututu don liƙa takalmi ko hannun tabarau. Suna shafa shi shafi bisa shafi a jikin katakon, su goge, ya zama wata fata mai tauri da ake hango zanen katakon ta cikinta. Idan ya yi kyau, sai ka rantse gilashi ne. Idan kuwa ya ɓaci, aikin yini guda ya tashi a banza.

Sunan sinadarin sayano'akirilet, masu sana'ar kuma na taƙaita shi da CA. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Harry Coover, ya fara cin karo da shi a 1942, lokacin da ake neman roba mai haske don saitin bindiga a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ajiye shi saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. A 1951 shi da abokin aikinsa Fred Joyner suka sake gano shi a kamfanin Eastman Kodak, aka fito da shi kasuwa a 1958 da sunan Eastman 910. Don manne abu da abu aka yi shi. Mayar da shi abin sa sheƙi dabarar masu sassaƙa ce, saboda haka dole a san halinsa kafin a more shi.

Halin nasa kuwa shi ne ba ya bushewa irin yadda fenti ke bushewa. Fenti iska ce ke kwashe ruwansa. Sufa gulu danshi ne ke sa shi daskarewa: da zarar ya haɗu da ɗan ruwan da ke cikin iska ko a jikin abu, sai ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su zama roba, suna fitar da zafi. Dalilin da ya sa yake kama yatsu cikin ƙiftawar ido ke nan, alhali yana iya daɗewa a jiƙe a kan busasshen ƙarfe. Wanda ya riƙe wannan ya gane tushen yawancin matsalolin.

Ɗauki farin hazon da ke fitowa a cikin sheƙin, wanda shi ne kukan da aka fi yi. Ana gama shafi, sai a ga wani fari-fari ya lulluɓe katakon, ko ɗigo-ɗigon fari nan da can. Abin da ya faru shi ne gam ɗin ya daskare da gaggawa fiye da kima. Akwai wani feshi da ake sayarwa don hanzarta daskarewar, kuma masu gaggawa kan kusanto da gwangwanin su fesa da yawa. Saman gam ɗin sai ya ƙame nan take, ƙasansa na jiƙe, zafi ya tashi, a sami fari ko 'yan kumfa, wani lokaci ma tsattsagewa bayan kwanaki. Feshi ɗaya daga nesa ya wadatar, kuma siririn gam mai kama da ruwa sau da yawa ba ya ma buƙatarsa. Katakon da bai gama bushewa ba shi ma yana kawo hazo daga ƙasa. Har busa ƙura da baki, abin da kowane kafinta ke yi ba tare da tunani ba, yana sauke danshin numfashi a kan aikin. Wanda zai gwada wannan sana'a a Kano ko Damagaram ya sani cewa kwalba ɗaya za ta nuna masa hali biyu: da damina gam ɗin zai riƙa kamawa tun bai gama shafawa ba, da hunturu kuwa zai yi ta jira, kuma a nan ne hannu ke kai wa ga feshi fiye da yadda ya kamata.

Akwai kuma farin da ba na danshi ba. Katako mai manyan ƙofofi, irin maɗaci ko oak na Turai, yana ɓoye garin da sanfefa ta bari. Idan aka shafa gam a kai ba a share ba, an binne ƙurar ke nan har abada.

Sai maganar mai. Itatuwan da aka fi so don alƙalami masu tsada, kamar zaitun, da kokobolo na Amurka ta Tsakiya, da baƙin icen Gabashin Afirka da ake yin sarewar kilarinet da shi, duk suna da maiƙo a jikinsu. Gam ba ya kama maiƙo da kyau. A ranar farko komai lafiya, bayan wani lokaci sai a ga fatar ta ɗaga a wani wuri, iska ta shiga ƙarƙashi. Maganin shi ne a goge katakon da asiton, sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, a bari ya bushe sarai, sannan a yi shafin farko ba tare da ɓata lokaci ba, domin man yana sake tsattsafowa. Bayan an goge kuma kada a sake taɓa katakon da yatsa.

Shafin kansa yana buƙatar a duba shi da kyau. Ana rage gudun injin, a ninke takardar goge hannu ta kicin ta zama siririya, a ɗiga mata gam ɗigo biyu ko uku, a tara ta ƙarƙashin katakon da ke juyawa, a ja daga wannan gefe zuwa wancan, a dawo sau ɗaya, a janye. Shi ke nan. Wanda ya tsaya yana gyara-gyara zai ji takardar ta fara ja, kafin ya ankara ta bar zare a jikin aikin ko ta yi masa tudu-tudu. Ana farawa da siririn gam don ya ratsa katakon, sannan a bi da matsakaici don a tara kauri. Masu sana'ar ba su taɓa yarda da juna kan yawan shafin ba, wani ya ce shida, wani ya ce har ashirin, amma kusan duk sun yarda cewa shafi mai kauri guda ɗaya ya fi kowane abu jawo ɓarna. Kada kuma a yi amfani da tsumman auduga: gam ɗin yana ɗaukar zafi sosai a jikin auduga, har ya yi hayaƙi ya ƙone yatsa, ga haɗarin tsumma ya naɗe a inji.

Bakin katakon, inda ya haɗu da 'yan zobban ƙarfen da ke riƙe shi a kan injin, nan ne wurin da ya fi rauni. Gam ba ya bambance katako da ƙarfe, yana haɗe su ya zama abu ɗaya. Mai gaggawa sai ya ɓalle zoben da ƙarfi, fatar ta ɓantare ko ta ɗaga daga gefe. Shi ya sa ake sauya zobban ƙarfe da na roba irin Delrin, wadda gam ba ya kama ta sosai, kafin a fara shafi. In ba su, sai a zagaye mahaɗar da wuƙa mai kaifi kafin a raba, sannan a goge bakin a kan sanfefa da aka shimfiɗa a kan shimfiɗaɗɗen abu mai tauri. Ya kamata a ɗan shafa siririn gam a bakin ma, domin mataki na gaba da ruwa ake yin sa, kuma ruwa na samun buɗaɗɗen baki zai kutsa ƙarƙashin fatar ya bar farin zobe.

Wajen gogewa da yawa suna amfani da Micro-Mesh, 'yan soso tara masu lamba daga 1500 zuwa 12000. Abin lura shi ne a matakin farko dole jikin ya dushe gaba ɗaya. Duk inda ka ga ɗan wuri na ƙyalli, rami ne da sanfefa ba ta kai ba, kuma ba zai ɓace a gaba ba. A ɗaya gefen kuma, fatar siririya ce ƙwarai. A ɗan danna da ƙarfi, musamman a gefuna, sai a huda ta a isa katako, a sami wani tabo da ba ya sheƙi komai yawan gogewa. Bayan kowace lamba ana tsayar da injin a goga a tsaye, daga kai zuwa gindi, don a kashe layukan da juyawa ta bari.

Wani lokaci laifin na kwalbar ne. Gam ɗin da aka buɗe yana shan danshi a hankali, ya yi kauri, ya riƙa jinkirin kamawa. Wanda ba a buɗe ba ana iya ajiye shi a firji, amma sai an bari ya huce sanyi kafin a cire murfin, in ba haka ba raɓa za ta sauka ciki. Tururinsa kuma yana sa hawaye da ƙaiƙayin hanci, wasu ma da suka daɗe suna shaƙa yakan zame musu ciwon ƙirji irin na asma. A buɗe taga, a sa fanka ta kore shi, a sa tabarau, domin inji na iya watsa ɗigo zuwa ido.

Idan aiki ya ɓaci, faci ba ya cika yin kyau. Gara a mayar da shi kan inji, a kankare fatar har katako, a sake daga farko. A ganina ma ba kowane katako ne ya cancanci wannan wahalar ba. Baƙin ice mai tauri da maiƙo yana yin sheƙinsa na kansa idan aka goge shi sosai aka sa masa ɗan kaki, kuma akwai masu saye da suka fi son su ji katako a hannu maimakon roba. Wanda ya nace sai sheƙin gilashi, to ya duba cikin bututun tagullar kafin ya danna bakin biron: ɗigon gam guda da ya daskare a ciki ya isa ya buɗa bututun, ya tsaga fatar da katakon tare a matakin ƙarshe.