Keke da Jikin Mahayinsa: Zaɓen Kai, Wuya da Sandar Sirdi

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Katsina, daidai garin Kankiya, da sassafe ko da la'asar, zai ga kekuna iri biyu suna wucewa. Akwai tsohon baƙin keken nan mai nauyi, irin su Raleigh da Phoenix, mai ɗaukar buhun gero ko jarkokin ruwa a kariya. Akwai kuma keken tsere mai siraran tayoyi, wanda kansa ya lanƙwashe kamar ƙahon rago, wanda samari da 'yan makarantar sakandare suka fi sha'awa. Mai sayen irin wannan keke yakan duba fenti da taya da giya, ya biya kuɗi, ya hau. Ba kasafai yake kula da abubuwa uku da lafiyar jikinsa ta rataya a kansu ba, wato kan keke, da wuyan da ke riƙe da kan, da sandar da ke ɗauke da sirdi.

Jikin mahayi yana taɓa keke a wuri uku kacal: tafin hannu, mazaunai da tafin ƙafa. Firem ɗin keke ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Waɗancan sassa uku su ne ake sauyawa domin a daidaita tazarar da ke tsakanin wuraren nan da tsawon gaɓoɓin mai hawa. Idan ba a daidaita ba, to, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma gwiwa da jijiya da gadon baya su ne za su ɗauki asarar.

Injin da ke tuƙa keke

Siffar keken da aka sani a yau ta samo asali ne daga wanda John Kemp Starley ya ƙera a garin Coventry na Ingila a shekarar 1885. A 1973 wani injiniya na Jami'ar Oxford, S. S. Wilson, ya nuna cewa mai tafiya a kan keke yana ƙona kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na ƙarfin da mai tafiya a ƙasa ke ƙonawa a tazara iri ɗaya. Amma injin wannan abin hawa tsoka ce, ita kuwa tsoka tana da ƙa'idarta.

A 1966 masana uku, Gordon da Huxley da Julian, sun gwada zaren tsokar kwaɗo, suka gano cewa ƙarfin da tsoka ke iya bayarwa ya danganta ne da tsawon da take a lokacin da aka sa ta aiki. A cikin kowane zaren tsoka akwai siraran zarurruka iri biyu da ke sarƙe juna suna ja. Idan tsokar ta takure da yawa, sai su cunkushe. Idan kuma an miƙe ta fiye da kima, sai wurin da suke kama juna ya ragu. A tsakanin waɗannan biyu ne ƙarfinta yake cika. Tsayin sirdi shi ne ke ƙayyade tsawon da tsokokin cinya da na ɗuwawu za su yi aiki a kai, shi ya sa ake fara daidaitawa daga nan.

Sandar sirdi

Ana fara auna tsawon ƙafa ta ciki. Mutum ya cire takalmi, ya jingina da bango, ya matse littafi mai kauri a matse-matsinsa kamar yana zaune a kan sirdi, wani kuma ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela. Akwai lissafi biyu da suka shahara. Na farko shi ne na Hamley da Thomas na 1967: a ɗauki kashi 109 cikin ɗari na wannan awo, shi ne tazarar da ke tsakanin feda idan ta sauka ƙasa sarai da saman sirdi. Na biyu ya yaɗu ne ta hannun Greg LeMond, ɗan Amurka da ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa a 1986 da 1989 da 1990: a ninka awon da 0.883, a auna daga tsakiyar gindin da hannun feda ke juyawa a kai zuwa saman sirdi.

Alal misali, ɗalibin da ƙafarsa ta kai santimita 80 zai sami 87.2 a lissafi na farko, da 70.6 a na biyu. Idan aka ƙara tsawon hannun feda, wanda yawanci santimita 17 ne, a kan 70.6, za a sami 87.6. Ke nan hanyoyin biyu sun kusa haɗuwa. Wanda ba shi da tef sai ya zauna a kan sirdi ya ɗora dunduniya a kan feda. Idan feda ta sauka ƙasa, ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba, to tsayin ya yi. Da ya mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe da digiri 25 zuwa 35.

Sirdin da ya yi ƙasa yana sa gwiwa ta riƙa naɗewa sosai, ƙoƙon gwiwa ya riƙa dannuwa a kan guringuntsin ƙashin cinya, sai ciwo ya fito a gaban gwiwa. Wanda ya yi sama da yawa kuwa yana ja jijiyoyin bayan gwiwa, ya sa kwatangwalo ya riƙa rangaji dama da hagu. Mai juya feda sau 60 a minti ɗaya ya lanƙwasa kowace gwiwa sau 3,600 a awa guda. Ɗalibin da ke zuwa makaranta a Kankiya daga Rimaye ko Kafin Soli kullum, ƙaramin kuskure a tsayin sirdinsa yana maimaituwa sau dubbai kowace rana.

Wajen sayen sandar kanta, abu na farko shi ne kaurinta. Yawancin kekunan tsere suna ɗaukar milimita 27.2, wasu 30.9 ko 31.6, kuma akan buga lambar a jikin sandar. Wadda ta yi siriri ba za ta riƙe ba, kuma ɗaure noti da ƙarfin tsiya domin a kama ta yakan tsage bakin firem. Abu na biyu shi ne layin da aka zana kusa da ƙasan sandar, wanda tilas ne ya kasance a cikin firem. In sai an zaro sanda ta wuce layin nan sa'an nan tsayi zai isa, to a sayi doguwa, ko kuwa firem ɗin ne ya yi wa mai shi kaɗan. Abu na uku, wata sandar miƙaƙƙiya ce, wata kuma kanta ya ɗan koma baya. Ana gane wadda ta dace ta hanyar sauke zare mai ɗaure da ɗan dutse daga ƙasan ƙoƙon gwiwa lokacin da feda take gaba, hannunta a kwance. Zaren ya kamata ya faɗa kusa da tsakiyar feda.

Shi kuma sirdi a ajiye shi a kwance daidai. Nauyin mutum ya kamata ya sauka a kan ƙasusuwa biyu na zama da ke ƙasan kwatangwalo. Idan hancin sirdi ya ɗaga sama, sai nauyin ya koma kan matse-matsi, inda jijiyoyin jini da na kai saƙo zuwa al'aura suke wucewa, wurin ya mutu na ɗan lokaci. Wannan alama ce da bai kamata a yi shiru a kanta ba.

Wuyan keke

Bayan sirdi ya zauna, sai a koma ga wuya, domin shi ke ƙayyade nisan da hannu zai miƙa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura sirdi gaba don hannu ya kai, alhali kuwa an gyara wa hannu ne an ɓata wa gwiwa. Wuyan keken tsere yakan kasance tsakanin santimita 9 zuwa 12, kuma bambancin santimita ɗaya tak jiki yana jin sa.

Kan mutum baligi yana da nauyin kusan kilo 5. Idan wuyan keke ya yi tsawo ko ya yi ƙasa da yawa, mahayi yakan kwanta gaba, ya ɗaga kai domin ya ga hanya, tsokokin ƙeya da na kafaɗa su yi ta riƙe wannan nauyi har su ƙage. Gwiwar hannu kuma ta miƙe tsaf, duk girgizar rami ta wuce kai tsaye zuwa kafaɗa. Idan ya yi gajere da yawa, baya ya ƙudundune, keken kuma ya riƙa saurin karkata da an ɗan taɓa shi. Alamar dacewa ita ce mahayi ya kama birki gwiwar hannunsa a ɗan lanƙwashe, kafaɗunsa a sake.

Duk da haka, sunkuyawa tana da amfaninta. Turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu, kuma wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu a kan keke ya san haka a jikinsa. Ɗan tsere yana sunkuyawa ne domin ya rage faɗin jikin da iska ke bugu. Amma wanda hanyarsa ta bi ta yashi da burji, kamar hanyoyin ƙauyukan Kusada, ya fi bukatar ganin gabansa da sauƙe nauyi daga tayar gaba, saboda haka wuya mai ɗan tashi sama ya fi masa.

Kan keke

Faɗin kai ya kamata ya yi daidai da faɗin kafaɗa. Ana aunawa daga tsinin ƙashin kafaɗa ɗaya zuwa ɗaya, kuma yawancin kawunan da ake sayarwa suna tsakanin santimita 38 zuwa 44. Kaurin tsakiyar kai kuma dole ya dace da bakin wuya: na zamani milimita 31.8 ne, tsofaffi kuwa 25.4 ko 26.0. Cusa yankin gwangwani don a cike gibi ganganci ne, domin kan yana iya juyawa ƙasa a daidai lokacin da aka matse birki.

Akwai wata jijiyar kai saƙo da ake kira alna, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu ta shiga tafi ta gefen ƙaramin yatsa. Ita ce ke ba mutum wannan zir ɗin idan ya buge gwiwar hannu. Idan aka daɗe ana danne gindin tafi a kan ƙarfe, sai saƙonta ya rikice, ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi su mutu. Bahaushe ya ce minjirya ta kama shi, kuma sunan ya dace, domin kamar yadda kifin minjirya ke aiki da lantarki, haka saƙon jijiya ma lantarki ne. Maganin shi ne a rage nauyin da ke kan hannu, a naɗe kan da tef mai taushi, a riƙa sauya wurin kamu tsakanin sama da kan birki da ƙasan ƙaho. Wannan shi ne babban amfanin lanƙwasar kan keken tsere. In mutuwar yatsun ta wuce kwanaki, a ga likita.

Game da abin da aka ƙera sassan da shi, ƙarfe yana da nauyi amma yakan lanƙwashe kafin ya karye. Alminiyam ba shi da nauyi, sai dai wanda ya tanƙware bayan faɗuwa ba a miƙe shi, sauyawa ake yi. Na zaren kabon kuwa yana iya ɓoye tsaga a ciki, don haka sayen na gwanjo kasada ne. Araha ba ta ado.

Kammalawa

Tsarin dai shi ne a fara da tsayin sirdi, a bi da matsayinsa gaba ko baya, sa'an nan wuya, daga ƙarshe kai. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, da 'yan milimita, a hau na kwana biyu ko uku kafin a sake taɓawa. Ɗalibai su tuna cewa a shekarun balaga ƙafafu sukan riga gangar jiki tsawo, saboda haka awon bara ba lallai ya yi bana ba, gara a sake aunawa a farkon kowane zangon karatu. Malamin kimiyya kuma zai iya mayar da wannan darasi a aji da tef ɗin tela, da littafi, da zare, da keke ɗaya: kowane ɗalibi ya auna ƙafarsa, ya yi lissafin nan biyu, ya gwada amsarsa a kan sirdi.