Erling Jepsen: Marubucin Da Ya Tona Asirin Gidansu

A kudancin ƙasar Danmak, ba nisa da iyakar Jamus, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Gram. A nan aka haifi Erling Jepsen cikin shekarar 1956. Wasan kwaikwayo ya fara rubutawa, aka sa na farko a gidan rediyo cikin 1977, ya kuwa yi shekara fiye da ashirin yana wannan sana'a kafin ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko cikin 1999.

Amma littafin da ya fito da sunansa shi ne na 2002, Kunsten at græde i kor, watau gwanintar yin kuka tare da jama'a. Labarin wani yaro ne, Allan, ɗan shekara 11, wanda ubansa ke sayar da madara. Uban nan ba shi da wata daraja a gari sai ranar jana'iza, inda yakan tashi ya yi jawabi har kowa ya zub da hawaye. Da yaron ya lura ba abin da ke faranta ran ubansa kamar wannan, sai ya shiga fatan a riƙa mutuwa.

To, mai karatu zai yi ta dariya, har ya kai ga abin da ke faruwa da dare. In uban ya fara kuka yana cewa zai kashe kansa, 'yarsa ake turawa ta lallashe shi, shi kuwa yana lalata da ita. Uwa ta sani, ta kau da kai. Yaron ma da kansa yakan tashi yayarsa, a ganinsa taimakon gida yake yi. Nan ne ƙarfin littafin yake, domin daga bakin wanda bai gane ba muke jin kome.

Jepsen bai ɓoye ba cewa daga gidansu ya ɗauko tushen labarin. Lalle akwai abin dubawa a nan, tun da 'yan'uwan da aka fallasa ba su ne suka riƙe alƙalami ba. Sai dai a ganinmu, shirun da ake kira rufin asiri uban kaɗai ya amfana, yarinyar kuwa ita ta biya.

An mai da littafin silima cikin 2006, 'yan wasa suna magana da karin harshen kudancin Jutland, ya kuma ci kyautar Bodil ta fim mafi kyau cikin 2008.