Wufarka na gurnani? Kafin ka sayi sabuwa, gano inda ƙarar take fitowa

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a Madawa ko Buza daren wasan Kofin Zakarun Turai ya san wannan ƙara. Da zarar mai sharhi ya yi shiru, sai a ji wani "huuu" mai kauri yana fitowa daga babbar lasifikar nan ta ƙasa, wadda ƴan kasuwa ke kira wufa, wasu kuma bafal. Ko an canza tasha, ko an rage murya, yana nan. Mutane da dama sukan ce wufar ce ta mutu, su aika Konni ko Maraɗi a sayo wata, a jona ta, gurnanin ya dawo yadda yake. Sau da yawa laifin ba nata ba ne.

Wutar NIGELEC mai volt 220 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira hertz 50. Ita kuwa wufa an ƙera ta ne don fitar da sautuka masu kauri, daga wajen hertz 20 zuwa ƙasa da 200. Ka ga hertz 50 ya faɗa tsakiyar aikinta. In ɗan kuran kaɗan ya ɓuya ya shiga hanyar sauti, ƙananan lasifikoki ba za su bayyana shi sosai ba, amma wufa za ta ɗauke shi ta kumbura shi.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. Rage murya, cire wayar sautin da ke shiga bayan wufa, ka bar ta da wuta kaɗai. In gurnanin ya ɗauke, wufarka lafiya lau, ƙarar daga waje take shigowa. Sai ka mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, talabijin, dekoda, amfili, kana saurare. Wayar da ka jona ƙarar ta dawo, nan ne bakin zaren.

A nan yankinmu, mafi yawan lokuta wayar da ta sauko daga faranti, wato parabol ɗin da ke kan rufi, ita ce ke kama laifi. Ga yadda abin yake. Wayar faranti tana da saƙar ƙarfe a jikinta, wadda ke haɗe da farantin da sandar da aka kafa shi. Wufa ko amfili kuma suna samun tasu "ƙasar" ta wajen soket. In ƙarfin wutar da ke waɗannan wurare biyu ya ɗan bambanta, ko da kaɗan ne, kuran zai nemi hanyar wucewa tsakaninsu, kuma hanyar da zai samu ita ce wayar sauti. Masu gyara da suka yi karatu da Faransanci na kiran wannan boucle de masse. Ka kwance wayar faranti daga dekoda: in shiru ya biyo baya, ka kama ɓarawon. Magani shi ne a jona duka kayan a ralonji guda mai kyau, maimakon wannan a soket ɗin nan, wancan a na ɗaki. In hakan bai isa ba, akwai ɗan ƙaramin abu da ake sakawa a wayar sauti tsakanin dekoda da amfili, mai raba hanyar kuran da ta sauti, kuma bai kai kuɗin sabuwar wufa ba ko kusa.

Wani abin da nake gani a gidaje, wanda ba na so sam, shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi ko cire wayar ƙasa don ƙarar ta tafi. Wani lokaci takan tafi ɗin. Amma wannan waya ita ce ke kwashe wuta ranar da wani abu ya lalace a ciki, kuma a gidan da yara ke taɓa komai, ba abin wasa ba ne. In dekoda ko amfili na ɗan cizonka idan ka taɓa ƙarfensu, alama ce gidan ba shi da wayar ƙasa ta kirki. Aikin mai gyaran wuta ne ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta yadda ya dace.

To, in ka cire duk wayoyin sauti amma gurnani bai tafi ba fa? Ko dai wutar da ke shigowa ce, ko cikin wufar. Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, gidaje da shaguna da yawa sun koma gurup da sola, kuma ba su bar su ba. Ondilar mai araha, wadda ke mayar da wutar batir ta gida, ba ta fitar da kuran mai santsi irin na NIGELEC. Nata a gutsure yake, shi ya sa ake jin "zzz" mai kaushi. Gane wannan da sauƙi: in kayanka shiru suke a wutar gari, sai an koma sola su fara zuga, ondilar ce, ba wufa ba.

In kuwa a kowace wuta tana yi, kuma ƙarar ta ɗan fi ta farko sirantaka, to ana zargin kondansatar da ke tace wuta a ciki. Ƙarar hertz 100 ce, ninki biyu na ta soket. Waɗannan ƴan gwangwanaye suna da ruwa a cikinsu, zafi na busar da shi. A ƙa'idar masu ƙera su, duk ƙarin digiri 10 na zafi na rage rabin tsawon ransu. Yi tunanin wufa a ɗakin kwano a Keita cikin watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, an kuma lulluɓe ta da kyalle don kare ƙura. Mai gyaran rediyo zai ga kansu ya kumbura, ya canza su. Kada ka buɗe da kanka, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.

Akwai ƙararrakin da ba su da alaƙa da wannan duka. "Dit-dit-dit" ɗin da ake ji daf da shigowar kira wayar salula ce a layin 2G, mai aika saƙonta kusan sau 217 a daƙiƙa. Matsar da ita daga kan amfili kawai. Caja mai araha ma na yin haka. Wayar sauti kuma kada a naɗe ta tare da ta wuta. In dole su haɗu, su gitta juna.

Sai karkarwa, wadda ke zuwa kawai lokacin da bas ya buga. Na taɓa ganin wani ango yana shirin mayar da wufa wurin mai shago, ashe jeren kwanukan amarya ne ke rawa a kabad. Rufin kwano, taga, ko kusoshin akwatin da suka saki duk suna yin haka; dafa su da hannu ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta tsaya. In ba su ba ne, kashe wuta, ka danna tsakiyar lasifikar a hankali da yatsu. In ta shiga ta fito sumul, lafiya. In ka ji tana gogawa kamar yashi, ko ƙurar hunturu ta shiga tsakanin naɗin waya da maganaɗisu, ko naɗin ya ƙone saboda murɗa bas har ƙarshe. Wannan ana iya sake naɗa shi, kuma masu yi wa lasifikar masallaci da ta biki gyara sun san aikin.

Damina in hadari ya haɗo, cire wayar faranti da fulogi gaba ɗaya. Kashe wa da rimot ba ya hana tsawa bin waya ta shigo ɗaki.