Cutar Lufus Da Kumburin Tsoka: Abin Da Na Koya A Jinyar Yayata

'Yan uwa mazauna Kudu, ni ɗan Belel ne, a ƙaramar hukumar Maiha kusa da Mubi. Mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma nakan bi tirela daga kasuwar Mubi zuwa Lokpanta. Ba likita ba ne ni, amma jinyar yayata ta koya min abin da nake so ku ma ku sani.

Da farko zazzaɓi ne da ciwon gaɓoɓi, sai gashinta ya fara zubewa, wani kurji ya fito mata a kumatu ya haye karan hanci. An sha maganin maleriya, an sha na taifot, shiru. Daga baya ta kasa ɗaga taɓarya. Ɗaura ɗankwali ma ya gagara, in ta zauna a tabarma sai an kama ta ta tashi. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce sanyi ne. Sai da Baba ya sayar da bijimi muka kai ta asibitin koyarwa, aka ce lufus ce, kuma ta kumbura mata tsoka.

Yadda likita ya yi mana bayani, garkuwar jiki ce ke rikicewa, maimakon ta yaƙi ƙwayoyin cuta sai ta juya kan jikin mai ita: fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, wani lokaci har tsoka. Ba a ɗaukar ta daga wani. Kusan 9 cikin 10 na masu ita mata ne, yawanci 'yan shekara 15 zuwa 45, kuma ta fi yawa a baƙar fata.

Nan ne ake ruɗewa. Ciwon jiki daban, kumburin tsoka daban. Yawancin masu lufus suna jin ciwon jiki, amma ƙarfinsu na nan. Kumburin tsoka kuwa ƙarfi yake cinyewa, kuma ya fi kama cinyoyi, ƙugu, kafaɗu da wuya, dama da hagu a tare. Shi ya sa hawa bene, tashi daga zaune da ɗaga hannu sama suke fara wahala. Ana gane shi da gwajin jini mai suna CK, wanda ke hawa idan tsoka na lalacewa. Ita kanta lufus ana fara neman ta da gwajin ANA.

Magani akwai, duk da cewa ba a warkewa gaba ɗaya, lallaɓa ta ake yi. An ɗora yayata a kan prednisolone da hydroxychloroquine, daga baya aka ƙara azathioprine, da motsa jiki kaɗan-kaɗan. Amma a kula: prednisolone da dexamethasone, irin wanda wasu mata ke sha don ƙiba, su kansu suna raunana tsoka in an daɗe ana sha. Kada a saya a kemis da ka, kada kuma a daina shi farat ɗaya. Mai shan hydroxychloroquine ta riƙa zuwa gwajin ido, ta kuma guji zafin rana, don yana tayar da cutar.

Idan haɗiya ta fara wuya, ko numfashi ya yi nauyi, ko fitsari na kumfa ƙafafu na kumbura, a tafi asibiti a ranar.

Ku da kuke Kudu kun fi mu sa'a. Akwai likitocin gaɓoɓi a LASUTH da LUTH a Legas, da UCH a Ibadan. Mu sai mun fito Mubi mun kama doguwar hanya. Yanzu yayata tana girkinta, tana yi wa 'yarta kitso. Da mun je da wuri, da ba ta yi watanni a kwance ba.