Abin da ya sa wasu goɗiyoyi ba sa riƙe ciki bayan barbara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Tudun Wadar Kaduna ranar Sallah, ko ranar rakiyar ango, ya san yadda kallo ke komawa kan dawakai. Samari na sukuwa, yara na bin su a guje, masu wayoyi na ɗaukar hoto.

Sai dai idan aka lura, kusan duk dokin da ake hawa ingarma ne. A al'adar Bahaushe ba a cika ɗaura wa goɗiya sirdi a shiga taro da ita ba. Tana can ƙauye a turke, aikinta haihuwa.

Kaduna kuwa gari ne na doki. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, a nan aka yi na bikin FESTAC a 1977, ga kuma wasan folo a cikin gari da filin Fifth Chukker da ke Kangimi. Duk da haka, da yawa daga cikin dawakan sayo su ake yi daga Nijar da Chadi da Sudan, na folo har daga Ajantina.

Mai son ya samu ɗan dukushi a bargarsa yakan ci karo da matsala guda. A kai goɗiya wurin ingarma, bayan mako uku ta sake neman barbara. A mayar da ita, ta sake dawowa. Daga nan sai a ce juya ce, a sayar da ita da araha.

Goɗiya takan yi kimanin wata 11 da ciki, kuma ɗa guda take haifa. Shekarar da ba ta ɗauka ba, harawa da dusa da dawar da ta ci duk sun tafi a banza. Likitocin dabbobi sun gano cewa da yawa daga irin waɗannan goɗiyoyi ba juya ba ne. Kumburin mahaifa ne ke hana su riƙe cikin.

Kumburin da ba cuta ba ne

Lokacin barbara, maniyyin ingarma kai tsaye yake shiga cikin mahaifar goɗiya, tare da datti da ƙwayoyin cuta. Jikinta yana ɗaukar duk wannan a matsayin baƙo.

Cikin sa'a guda, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil sukan fito daga jijiyoyi, su ratsa shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin mahaifa, su soma haɗiye ƙwayoyin cuta da ragowar maniyyin. Yawansu yakan kai ƙololuwa tsakanin sa'a 6 zuwa 12.

A daidai lokacin mahaifar tana matsewa tana saki, tana turo ruwan da ya taru waje. Maniyyin da zai haɗu da ƙwai kuwa ya riga ya wuce zuwa bututun ƙwai cikin kimanin sa'a huɗu, don haka sharar ba ta shafe shi ba.

Wannan kumburi yana faruwa ga kowace goɗiya, kuma alheri ne gare ta. A jikin mai lafiya, komai yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Kwana shida kacal

Ɗan tayin doki yakan sauko cikin mahaifa wajen kwana na shida bayan fitar ƙwai. Dole ya tarar da wurin a share.

Bincike a ƙasashen da ake kiwon dawakai da yawa ya nuna cewa kimanin goɗiya 10 zuwa 15 cikin 100 ba sa iya kammala sharar a kan lokaci. Mahaifarsu ba ta matsewa da ƙarfi, ruwa ya kwanta a ciki, sojojin jikin su ci gaba da kwararowa bayan yaƙi ya ƙare.

Ɗan tayin ba ya rayuwa a cikin wannan gurɓataccen ruwa. Ƙari a kan haka, mahaifar da ta kumbura tana fitar da wani sinadari da ke katse sinadarin da ke riƙe ciki. Shi ya sa wata goɗiyar ke sake neman barbara tun kafin makonni ukun su cika.

A nan ne mai goɗiya ke ƙara wa kansa wahala ba da sani ba. Ganin ba ta ɗauka ba, sai ya sa a yi ta maimaita barbara kullum. Kowace barbara kuwa sabon kumburi ce a kan wanda bai warke ba.

Waɗanda abin ya fi kamawa

Tsofaffin goɗiyoyi da suka haihu sau da yawa su ne a gaba, domin mahaifarsu ta saki ta zurma ƙasa, ruwa ba ya gangarowa. Akwai kuma tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, kamar wadda ta shafe shekaru tana folo, wadda bakin mahaifarta ba ya buɗewa sosai.

Rama ma tana da hannu. Idan goɗiya ta rame, duburarta takan shige ciki, gabanta ya karkace, kashi ya riƙa zuba a kai, iska na shiga. Ta nan ƙwayoyin cuta irin su Streptococcus da E. coli ke samun hanya.

Haka nan wadda ta sha wuyar haihuwa, ko wadda mabiyiya ta maƙale mata. Idan sa'a uku ta wuce mabiyiya ba ta faɗo ba, a kira likita nan take, kada a ja ta da hannu.

Abin da likita ke dubawa

Wahalar ciwon ita ce ba ya nuna kansa. Goɗiya na cin abinci, ba zazzaɓi, wani lokaci ko mugunya ba a gani a wutsiyarta.

Da na'urar hoton ciki likita ke ganin ruwan da ya kwanta. Yana iya goge cikin mahaifar ya duba yawan niyutrofil a madubin ƙara girma, ko ya tsinko ɗan nama kaɗan daga shimfiɗar.

Wannan ɗan nama yana ba da labari mai yawa. Niyutrofil na nuna sabon kumburi. Taruwar wasu ƙwayoyin da ake kira limfosayit na nuna wanda ya daɗe. Idan kuma tabo ya kewaye ƙananan jakunkunan da ke ciyar da ɗan tayi, wannan ba ya gyaruwa.

Wani masani a Amurka, Robert Kenney, da abokin aikinsa Doig, sun fitar da ma'auni a 1986 wanda har yau ake amfani da shi. Goɗiyar da ke rukuni na farko tana da damar haihuwa kashi 80 zuwa 90 cikin 100, ta rukunin ƙarshe kuwa ƙasa da kashi 10. Da wannan mai doki zai san ko ya ci gaba da kashe kuɗi ko ya haƙura.

Magani

Ga wadda ruwa ke kwanta wa, likita yakan wanke mahaifar da ruwan gishiri na asibiti, amma sai bayan aƙalla sa'a huɗu da barbara. Yakan bi da allurar oksitosin don mahaifar ta matse. Ga mai karkataccen gaba, akwai ɗinkin da wani likitan Amurka mai suna Caslick ya bayyana a 1937, inda ake rufe saman wurin, a warware kafin haihuwa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai gwaji ya nuna akwai su. Ɗirka shi barkatai na iya buɗe wa ciwon fangas ƙofa, wanda ya fi wuyar magani. Ɗura jiƙe-jiƙe ko kanwa a gaban goɗiya kuma na iya ƙona shimfiɗar ya bar tabo.

Abin da ke hannun mai goɗiya shi ne ya ciyar da ita ta yi jiki kafin barbara, a wanke gabanta da ruwa mai tsabta, a naɗe wutsiya, a taƙaita yawan barbarar, a kuma rubuta ranar. Daga kwana 14 zuwa 16 na'ura na iya nuna ko ciki ya shiga.

Daga Kaduna zuwa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da asibitin koyarwa na dabbobi, tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Goɗiyar da ta dawo sau biyu ba ciki ta cancanci likita ya duba ta kafin a ja ta zuwa kasuwa.