Ƙararrawar Gobara: Maigadin Da Ba Ya Gyangyaɗi

 Yau za mu ajiye tukunya da allura tukuna, mu yi magana a kan gobara, da kuma wata 'yar na'ura wadda faɗinta bai wuce na marfin ƙaramar samira ba, amma tana iya zama sanadin kuɓutar iyalinki baki ɗaya.

Uwargida, ki tuna yadda kike rufe gida kowane dare. Kin kashe risho, kin leƙa yara, kin kunna musu maganin sauro mai hayaƙi, kin sa sakata, kin kwanta. To daga nan har asuba wa ke tsaron gidan? Wata za ta ce ai ita ko ƙaurin tuwo ne daga maƙwabta sai ta ji shi. Gaskiya ne, amma idonta biyu ke nan. Mai barci ba a dogara da hancinsa, domin ƙauri bai cika tada shi ba. Hayaƙin gobara kuwa yana ɗauke da guba mai ƙara nauyin barci, har mutum ya suma a kan shimfiɗarsa. Abin da ya sa ke nan yawancin waɗanda gobarar gida ke kashewa hayaƙi ne ajalinsu, tun wutar ba ta kai gare su ba.

Lokaci kuma ya ƙure fiye da yadda iyayenmu suka sani. A da gadon kara ne da tabarma da kayan auduga. Yanzu ɗakin kowace amarya cike yake da katifar soso da kujerun kushin da labulen roba da kafet, kuma waɗannan in sun kama, ci suke yi kamar an zuba musu kananzir, ga baƙin hayaƙi. Masana gobara sun ce a gidan zamani, daga kamawar wuta zuwa lokacin da fita za ta gagara, sau da yawa bai wuce minti biyu ko uku ba. Ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka kuwa ta lissafa cewa wajen mutum uku cikin biyar da gobarar gida ke kashewa a ƙasar, a gidajen da ba ƙararrawa ne, ko kuma akwai ta amma ba ta aiki.

ABIN DA YA FARU A BIRTANIYA

A daren 14 ga Yuni, 2017, wajen ƙarfe ɗaya, wuta ta tashi daga firjin wani gida a hawa na huɗu na wani dogon bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell, a birnin Landan. Ƙararrawar hayaƙi ce ta tada mai gidan, ya tashi mutanensa, ya kira 'yan kwana-kwana. Sai dai wutar ta fita ta taga, ta bi kayan da aka lulluɓe bangon benen da su, ta haye sama, mutum 72 suka rasu. Cikin watan azumi ne, kuma an ba da labarin cewa waɗansu Musulmin da ke zaune a benen, da yake ba su yi barci ba, suna cikin waɗanda suka fara jin ƙauri, suka bi ƙofa ƙofa suna bugawa. Ki lura da wannan: wanda ya tsira a irin wannan dare, wanda aka tashe shi da wuri ne.

Bayan wannan masifa sai gwamnatin Sikotland ta sake dokarta. Tun daga watan Fabrairu, 2022, ana bukatar kowane gida a can, na haya ne ko na kai, ya kasance da ƙararrawar hayaƙi ɗaya a ɗakin da aka fi zama da rana, da ɗaya a kowane lungun da ake bi zuwa ɗakuna a kowane hawa, da ƙararrawar zafi ɗaya a kicin. Dukansu a kafa su a silin, kuma su zama a haɗe da juna, watau in ɗaya ta yi kuka, duka su ɗauka. Mu dai dokar Sikotland ba ta hau kanmu ba, amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ME YA SA SAI A HAƊE?

Dubi yadda gidajenmu suke. Kicin yana can ƙarshen tsakar gida, turakar maigida tana gaba, ɗakinki dabam, na abokiyar zamanki dabam, samari kuma suna shago wajen zaure. In ƙararrawa guda ce tak a falo, wuta kuma ta tashi a shagon samari inda aka bar waya a caji ko hita a bokiti, wa zai ji? Balle ma in janareton maƙwabta na ruri, fanka na juyawa. Amma in a haɗe suke, da zarar ta shagon ta ji hayaƙi, sai ta ɗakinki ta ɗauki kuka a daidai kanki.

A da, haɗa su sai an fasa bango an ja waya daga ɗaki zuwa ɗaki. Yanzu akwai masu magana da juna ta iska, kamar yadda rediyo ke kama tasha. Ba su bukatar intanet, ba ruwansu da wutar lantarki, don haka ko an ɗauke wuta suna bakin aikinsu. Waɗanda suka fi kyau su ne masu batir a rufe a ciki, wanda ba a cirewa, yana kai wa shekara 10. Wannan ya raba ki da yaron da zai zare batir ya sa a tocila.

IRI UKU, KOWACE DA WURINTA

Ta farko ita ce ƙararrawar hayaƙi. A cikinta akwai ɗan haske da ɗan ido. In hayaƙi ya shiga ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta kwarma ihu. Wurinta falo da lungun ɗakuna da ɗakunan kwana.

Ta biyu ƙararrawar zafi. Ita ba ta damu da hayaƙin suya ko tururin tuwo ba, sai zafin da ya taru a silin ya kai wajen digiri 58. Ita ce ta kicin. Kada ki sa ta hayaƙi a kicin, don kullum kika soya manja sai ta tara miki jama'a, ranar da kika gaji kuwa sai ki cire ta, shi ke nan an koma gidan jiya. Kada kuma ki sa ta zafi a ɗakin kwana a maimakon ta hayaƙi, domin kafin ɗaki ya yi wannan zafi hayaƙi ya riga ya yi ɓarna.

Ta uku ita ce mai gano gubar nan da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke fita daga janareto da garwashin gawayi, ita ce kuma ke kashe iyali a ɗaki a wayi gari ba ko tabon ƙuna a jikinsu. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin wannan guba. In kuna amfani da janareto, ko kukan shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, lalle ku nemi wannan ma. Mafi alheri dai a bar garwashi a waje, janareto kuma a ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6.

YADDA AKE KAFA SU

Da fari, ki zagaya gidan ki ƙirga ɗakunan da ake kwana, da falo, da kicin, don ki san nawa za a saya. A saye su duka na kamfani ɗaya, domin na kamfanoni dabam dabam ba su cika jin yaren juna ba. A duba jikin kwalin: ta hayaƙi mai kyau takan zo da lambar EN 14604, ta zafi BS 5446-2, ta guba kuwa EN 50291. A duba kuma ranar da aka yi ta, kada a sayar muku da wadda ta tsufa a kanti.

Na biyu, kafin a hau tsani, a baje su duka a kan tabarma a gabatar da su ga juna. Kowane kamfani da tsarinsa, saboda haka a bi takardar da ke cikin kwalin, amma galibi akwai ɗan maɓalli da ake dannawa a jikin kowace, 'yar fitilarta ta yi ƙyaftawa alamar ta gane 'yan'uwanta. In an gama, a danna maɓallin gwaji na guda ɗaya. In duka suka amsa, to an yi daidai.

Na uku, a kafa su a silin, wajen tsakiyar ɗaki, domin hayaƙi sama yake fara tafiya. A bar tazarar aƙalla santimita 30 daga bango da ƙwan lantarki, watau taƙi ɗaya da rabi. A nisanta su da fanka da taga da na'urar sanyaya ɗaki, don iska takan kore hayaƙi daga gare su. Kada a sa a banɗaki, kada kuma a manna a jikin kwano tsirara, saboda zafin bazara yakan wuce abin da aka yi su dominsa. Aikin bai wuce ɗaure faifan gindinta da sukuru biyu ba, sa'an nan a murɗa ta a kai.

Na huɗu, bayan an kafa, a sake gwaji. Ke ki tsaya a ɗaki mafi nisa, a danna ta kicin, ki ji ko ta wajenki ta amsa, domin bango mai kauri da ƙofar ƙarfe sukan rage ƙarfin saƙon. Daga nan a rubuta ranar a gefenta. In ta cika shekara 10 a sake sabuwa, ko da tana nan fes.

KULA DA ITA

Ki riƙa danna maɓallin gwaji aƙalla sau ɗaya a wata. In bakya kaiwa, muciya ma ta isa. Lokacin hunturu ƙura takan shiga cikinta ta sa ta kukan banza, sai a riƙa share ta da busasshen ƙyalle. Kada a yi mata fenti, kada a fesa mata maganin sauro. In kika ji tana ɗan "ƙit" jifa jifa, batir ne ya yi sanyi, lokacin sakewa ya yi.

Na san tambayar da ke bakinki: turaren wuta fa? Lalle in kika turara ɗaki ƙofa a rufe za ta yi kuka, don ba ta san sandal da hawi ba, hayaƙi kawai ta sani. Ki ajiye kasko nesa da ita, ki buɗe taga. In ta yi kuka kuma kin tabbata turaren ne, akwai maɓallin da ke sa ta yi shiru na 'yan mintoci, sa'an nan ta koma aiki da kanta. Abin da ba a so shi ne ki ɗaure mata leda a fuska ki manta.

IN TA YI KUKA CIKIN DARE

Ƙararrawa tashinki kawai za ta yi, sauran aikin naku ne. Kada ki ɗauka yara za su farka. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2018, wanda likitocin wani asibitin yara a jihar Ohayo suka yi, ya nuna kusan rabin yara ne kawai ƙarar ƙararrawa ta tasa, amma muryar uwa ta tashi wajen tara cikin goma. Saboda haka ku raba aiki tun yau: wa zai ɗauko jariri, wa zai tashi sauran yara, wa zai kama hannun tsohuwa.

Makullin ƙofa ya zama yana da wuri guda wanda kowa ya sani, ana iya lalubo shi cikin duhu. Tagoginmu duk ƙarafa ne saboda ɓarayi, to a sa maƙeri ya yi wa ko guda ɗaya ƙyaure mai buɗewa daga ciki. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe, don iska mai kyau tana ƙasa. A taru a wuri guda a ƙofar gida a ƙirga kai. Kada ki koma don sarƙa ko atamfa. A kira 'yan kwana-kwana nan take: 112 a Nijeriya, 18 a Nijar. Kuma don Allah a daina kulle yara a ɗaki da kyandir a tafi biki.

'Yar'uwa, yau in maigida ya ci abinci ya natsu, ki kawo masa wannan magana. In kuɗin duka bai samu ba, a fara da ta lungun ɗakunan kwana da ta kicin, a riƙa ƙarawa. In kwasar adashe ta zo kanki, ki tuna da ita kafin kwanuka. Masu haɗa kayan ɗakin amarya kuma, ga abin da ya kamata ya shiga lissafi. Tsarewa ta Allah ce, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu daga gobara, amin. Sai mun sake saduwa.