Murhun Yumɓu Mai Rigar Tayil a Ƙasar Ƙanƙara

Wani ƙanina da aiki ya kai jihar Minesota ta Amurka ya taɓa aiko mini da hoto cikin watan Janairu. Bayan gidansu ne, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Ga shi tsaye cikin jibgegiyar rigar sanyi kusa da wani abu mai kama da ƙatuwar randa da aka kifa wa murfi, jikinsa lulluɓe da ƙananan tayil shuɗaye, siririn hayaƙi na fita ta samansa. Na kira shi na ce, "Kai kuwa lafiyarka ƙalau? Gashin nama a wannan sanyi?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai shi sanyi bai dame shi ba. Ruwa nake jiye masa."

Sunan abin kamado. Kalmar Japananci ce, kuma murhu take nufi. A da mutanen Japan suna da wani murhun yumɓu mai murfi kamar ƙwarya da suke dafa shinkafa da gawayi, sojojin Amurka da suka zauna can bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka gan shi, wasu suka koma gida da shi suka mai da shi abin gashi. A 1974 Ed Fisher ya buɗe shago a birnin Atlanta yana sayar da irinsa, wanda daga baya ya shahara da sunan Big Green Egg. Shi jikinsa shafe yake da sulɓi irin na tangaran. Akwai kuma waɗanda ake liƙa wa tayil ɗaya bayan ɗaya, kamar Komodo Kamado da ake ƙerawa a Indonesiya. Babban Big Green Egg ya ɗara kilo 70, masu tayil kuwa wasunsu sun haura kilo 200. Abin da ya kai wannan nauyi ba a cewa a shigo da shi don hadari ya taso. Inda aka girke shi nan zai sha ruwa, nan zai sha ƙanƙara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tanderun masu gurasa a Kano ya riga ya san rabin sirrin. Yumɓu mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri. Abin da kamado ya ƙara shi ne murfi da ke rufuwa ruf, da ƙofar iska guda a ƙasa, guda a sama. Da su ake sarrafa wuta. In aka tsuke su, gawayi zubi ɗaya kan kai awa 12 ko fiye yana ci a hankali, zafin na nan wajen digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, nama na nuna har ya saki ƙashi. In aka wangale su, zafin kan wuce digiri 350. Murhun gashi na falle, wato na siririn ƙarfe, iskar hunturu tana kwashe masa zafi tun kafin ya isa ga nama, mai shi ya yi ta ƙara gawayi yana rawar ɗari. Na yumɓu ko a jikinsa. Abin da kawai sanyi ke jawo masa shi ne ya ɗan daɗe kafin bangon ya ɗumama.

To ina ruwa ya shigo? Ruwa yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa yawancin abubuwa: in ya daskare kumbura yake yi, da kusan kashi 9 cikin 100. Wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya tarar da ita a fashe ya ga aikin. Shi kuwa yumɓun da ba a shafe ba shan ruwa yake, shi ya sa randa ke tsattsafo. Fuskar tayil ba ta shan ruwa, amma tsakanin tayil da tayil akwai ciko, kuma cikon nan ne ke shan wahala. Duk lokacin da aka hura wuta jikin murhun yana ɗan buɗewa, in ya huce ya koma. A kwana a tashi sai wata tsaga siririya kamar gashi ta bayyana, wadda ido ma ba lallai ya gani ba. Ruwan sama ya bi ta nan ya kwanta bayan tayil. Dare ya yi, ya daskare, ya tura tayil ɗin gaba kaɗan. Rana ta fito ya narke, ya bar gurbin da ya fi na jiya faɗi, sabon ruwa ya cika shi. Haka dai, har wata safiya a tarar da tayil guda a ƙasa, maƙwabtansa kuma suna lilo.

Wannan ne ya sa garin da sanyinsa ya fi tsanani ba lallai ne ya fi ɓarna ba. Inda komai kan daskare ya zauna a daskare makonni, ruwan sau ɗaya ya kumbura ya tsaya. Inda kuwa ake yayyafi da rana, dare ya sauka ƙasa da sifili, gobe a sake, kamar yadda ake yi a sassan Ingila, kowane kwana bugu ɗaya ne na guduma. Ƙanin nawa ya ce shi ma ba Janairu ke ba shi tsoro ba, watan Maris ne, lokacin da dusar ke narkewa da rana ta koma ƙanƙara da dare.

Akwai hanya ta biyu da ruwan ke cutarwa, wadda ta shafi har wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Ruwa in ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa wajen sau 1,700. Murhun da ya sha danshi na makonni, aka zo aka cika shi da gawayi aka buɗe masa iska gaba ɗaya, ruwan da ke cikin bangonsa zai tafasa kafin ya sami hanyar fita. Ko ya ɗaga tayil, ko ya tsaga kaskon wutar da ke ciki. Iyayenmu mata ba su karanta kimiyya ba, amma ba za ka ga an ɗora jiƙaƙƙiyar tukunyar ƙasa kan wuta mai ruruwa ba. Maganin ke nan ga kamado ma: ƙaramar wuta tukuna, a riƙe zafin wajen digiri 100 zuwa 120 na awa guda ko fiye, a bar jikin ya fitar da guminsa, sannan a ƙara iska. A ganina wannan awa gudar ta fi duk wata riga mai tsada da za a saya masa amfani, sai dai ita ce mutane suka fi ƙi, domin baƙi na zaune, nama na jira.

Ita rigar ma akwai kuskure a cikinta. Da yawa kan sami leda ko tamfol su naɗe murhun su ɗaure tamau, suna ganin sun yi dabara. Ruwan sama bai shiga ba, gaskiya ne, amma danshin da ke ciki shi ma bai fita ba. Ya haɗu da maiƙon da ya maƙale a bango, sai a buɗe bayan wata biyu a tarar da fumfuna ta yi gemu a kan ragar gashi. Rigar kirki ita ce mai tare ruwa daga sama ta bar iska ta zaga ta ƙasa, kuma ba a sa ta sai murhun ya huce sarai ya bushe. In fumfunar ta riga ta kama, kada a nufe ta da omo da ruwa, domin yumɓun zai shanye su ya riƙa mayar wa nama da warinsu. Wuta ce ke cin ta. A hura a hankali, a kai zafin sama, in ya huce a goge da buroshi.

Toka kuma a kwashe ta. Tana jan laima ta riƙe, kuma kowa ya san kaifin ruwan toka. In ta kwana a jiƙe a ƙasan murhun, ƙofar iska da sauran ƙarafa ne za su biya. Haka ƙafafunsa, kada su zauna inda ruwa ke kwanciya. Ƙofar iskar sama kuwa tana son 'yar hula, yadda ko ana ruwa ana gashi ɗigo ba zai faɗa kan yumɓu mai zafi ba.

Wani abin da ke ba sababbin shiga haushi shi ne murfi ya ƙi buɗuwa. A leɓen murfin da na gindin akwai wani abu mai kauri kamar bargo da aka liƙa don ya toshe iska. In ya jiƙe ya daskare, sai su manne. Ƙanina ya ce shekararsa ta farko ya sa ƙarfi ya fizga, bargon ya yage ya biyo murfin, ya yi mako biyu yana jiran sabo. Wasu kan ɗauko ruwan zafi su kwarara, wanda ya fi muni, tunda sun ƙara ruwa, sun kuma haɗa zafi da sanyi farat ɗaya a kan yumɓu. Abin yi shi ne a zura ɗan abin kunna wuta ta ƙofar ƙasa, gawayin da ya rage ciki ya kama, a koma ɗaki a sha shayi. Kafin a gama ya saki da kansa.

Abu guda ne ba na wasa ba. Komai ruwa, komai sanyi, ba a jan murhun gawayi cikin gareji ko wani rufaffen wuri. Gawayi na fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutane in sun kwana da janareto ko kaskon wuta a ɗaki. Rumfa mai buɗaɗɗun gefuna ta isa, ita ma a tabbata rufinta ya yi nisa da bakin wutar.

Gyara kuwa aikin rani ne. Kafin sanyi ya shigo ƙanin nawa kan zaga murhun yana ƙwanƙwasa tayil da bayan yatsa, kamar yadda masu aikin tayil ke gwada daɓen ɗaki. Wanda ya zauna daram sautinsa a toshe yake, wanda ya rabu da bango kuwa sai ya amsa kamar ganga. Bara ya sami guda uku kusa da murfin, duk a gefen da iska ke kaɗo ruwa. Ya ɓamɓare su, ya bar wurin ya sha rana kwana biyu, ya mayar da su da irin cikon da maƙeran murhun suka tanada, wanda ke miƙewa da zafi. Da na ce masa ai farin siminti ma zai yi, cewa ya yi, "Yaya, na gwada. Gashi biyu ya tsage."